Farar wuta a cikin mai da gas: abin da ƙwayoyin nano masu kogo za su iya yi wa masana'antu irin na Kolmani

Bauchi – A ranar 22 ga Nuwamba, 2022, Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da aikin haƙar mai na Kolmani, a kan iyakar jihohin Bauchi da Gombe, shekara uku bayan kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya ba da sanarwar gano mai da gas a yankin a watan Oktoban 2019. Tsarin da aka gabatar a ranar ya ƙunshi matatar mai da za ta riƙa tace ganga 120,000 a kullum, da masana'antar sarrafa gas, da tashar lantarki mai ƙarfin megawat 300, da masana'antar takin zamani da za ta riƙa fitar da tan 2,500 a rana.

Hankalin jama'a a Bauchi da Alkaleri ya fi karkata ga ayyukan yi da kuɗin shiga da hanyoyin mota. Injiniyoyin sinadarai kuwa, duk inda aka ce za a gina irin waɗannan masana'antu huɗu, akwai tambayar da suke fara yi kafin a zana ko da bututu ɗaya: nawa ne adadin farar wutar da ke cikin man da gas ɗin, kuma ta wace hanya za a raba su da ita? Amsar wannan tambaya ce ke fayyace irin ƙarfen da za a saya, da girman na'urorin da za a girka, da tsawon rayuwar masana'antar, da kuma irin iskar da mazauna ƙauyukan kewaye za su shaƙa.

Farar wuta, wadda masana kimiyya ke kira salfa, ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Ana sayar da ita a kasuwa wajen masu kayan ƙoli da masu maganin gargajiya, mafarauta kuma sun daɗe suna haɗa ta da gawayi wajen yin albarushi. A dunƙulenta mai ruwan ɗorawa ba ta da wata babbar illa. Haɗarinta yana bayyana ne idan ta haɗu da wasu sinadarai ta zama iska.

Iskoki biyu, illa biyu

Iska ta farko ita ce haidirojin salfaid, wadda ke da wari irin na baragurbin ƙwai. Tana fitowa tare da gas daga ƙarƙashin ƙasa, tana kuma taruwa a duk inda abu mai rai ya ruɓe ba tare da iska ta ratsa shi ba: cikin shadda, da ramin sokawe, da tsohuwar rijiya, da kwatamin mahauta. Ana samun ta a masana'antun jima irin na Sharaɗa da Challawa a Kano, inda ake amfani da sinadarin sodiyam salfaid wajen cire gashi daga fata.

Hancin ɗan Adam yana jin warinta tun tana ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan na iskar wuri. Abin da ya sa ta zama makira shi ne, idan ta kai wajen kashi 100 cikin miliyan, tana kashe jijiyar jin wari, sai mutum ya ɗauka ta wuce alhali ƙaruwa ta yi. Idan ta doshi kashi 1,000 cikin miliyan, shaƙa kaɗan ta isa ta kayar da ƙato nan take. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka a ƙasan rami take kwanciya. Wannan ne ya sa sau da yawa idan mai yashe rijiya ko mai kwashe shadda ya faɗi a ciki, wanda ya shiga ceto shi ma a nan yake zubewa.

Tarihin masana'antu yana da misalai masu tayar da hankali. A shekarar 1950, iskar ta kwace daga wata masana'antar gas a garin Poza Rica na ƙasar Meziko, ta kashe mutum 22. A ranar 23 ga Disamba, 2003, wata rijiyar gas ta fashe a gundumar Kaixian da ke yankin Chongqing na ƙasar Sin, iskar ta bi ƙauyuka cikin dare, mutum 243 suka rasu, akasarinsu manoma ne da ke barci a gidajensu.

Iska ta biyu ita ce salfa dayoksaid, wadda ke samuwa idan aka ƙona duk wani makamashi mai farar wuta, ko gawayin kwal ne, ko dizal, ko baƙin mai. Tana shaƙe maƙogwaro, tana tayar wa masu asma da ciwonsu, idan kuma ta haɗu da danshin sararin sama sai ta zama asid da ke saukowa cikin ruwan sama, ya ci kwanon rufi, ya lalata ƙasar noma da ruwan tafkuna. A watan Disambar 1952, hayaƙin kwal ya lulluɓe birnin Landan na tsawon kwana biyar. Ƙididdigar farko ta nuna mutum 4,000 ne suka mutu, binciken da aka yi daga baya kuma ya kai adadin wajen 12,000. Wannan bala'i ne ya haifar da dokar tsabtace iska ta Birtaniya ta 1956. A ƙa'idojin da ta fitar a 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaicin wannan iska a yini guda ya wuce maikirogiram 40 a kowace mita mai kusurwa uku ta iska.

Abin da ya sa masana'anta ke gudunta

Ko da an ajiye batun lafiya a gefe, masana'anta ba ta iya zama da farar wuta. Haidirojin salfaid idan ta haɗu da ruwa tana cin ƙarfe, tana kuma sa shi tsagewa ba zato. Shi ya sa a ƙasashe da dama ba a yarda gas ya shiga babban bututu ba sai an rage ta zuwa kimanin kashi 4 cikin miliyan.

Illa ta biyu ta shafi abin da ake kira katalis, wato sinadarin da ke hanzarta haɗuwar wasu sinadarai ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Aikinsa kamar na dillali ne a kasuwar kara: shi ke haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, ya koma ya jira wasu. Masana'antar takin yuriya tana fara aikinta ne da haɗa gas da tururi a kan katalis na ƙarfen nikel, cikin zafin da ya kai wajen digiri 800 a ma'aunin Salshiyas, domin a samu iskar haidirojin da za a yi amoniya da ita. Farar wuta tana manne wa nikel ta ƙi saki, ta toshe gurbin da ya kamata gas ya zauna. Saboda haka dole a rage ta zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan kafin gas ya isa wurin. Haka lamarin yake a masana'antar takin Dangote da ke Lekki, da ta Indorama da ke Eleme, haka kuma zai kasance a duk wadda aka gina a Kolmani.

Mai mota ma yana da nasa katalis ɗin, wanda ke cikin salansa, makanikai ke kiransa indomi. Aikinsa shi ne rage gubar hayaƙi, kuma man da ke da farar wuta da yawa yana rage masa ƙarfi.

Nijeriya ta yi sa'a ta wannan fuska, domin ɗanyen manta na yankin Neja Delta, kamar samfurin Bonny Light, yana cikin waɗanda 'yan kasuwar mai ke kira mai zaƙi, wato wanda farar wutarsa ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. Sai dai ko mai zaƙin ma, abin da ke cikinsa ya ninka abin da dokokin zamani suka yarda a bari a cikin dizal sau da yawa. Tacewa kaɗai ba ta wadatarwa, sai an bi man da wani aiki na musamman.

Hanyoyin da aka daɗe ana bi

A matatar mai, ana haɗa dizal ko fetur da iskar haidirojin, a matsa su da ƙarfi cikin zafin digiri 300 zuwa 400, a bi da su ta kan katalis na ƙarafan kobalt da molibdinam da aka shimfiɗa a kan alumina. Farar wutar da ke ɗaure a jikin man sai ta saki, ta fito a matsayin haidirojin salfaid. Wato an fitar da ita daga ruwa an mayar da ita iska, saura a kama iskar.

Kamawar ana yin ta ne a cikin dogayen hasumiyoyi na ƙarfe, inda gas ke hawa sama, wani ruwan sinadari mai suna amin yana gangarowa ƙasa yana haɗiye iskar mai guba. Daga nan a kai ruwan wata hasumiya a dafa shi, ya amayar da abin da ya haɗiya, a sake mayar da shi bakin aiki. Tun shekarar 1930 aka yi wa wannan dabara rajista a Amurka, kuma har yau ita ce ginshiƙin tsabtace gas a duniya.

Iskar da aka tara ana kai ta sashen da ke ɗauke da sunan Carl Friedrich Claus, masanin sinadarai ɗan asalin Jamus da ya yi wa dabararsa rajista a Ingila a 1883. A tsarin da ake amfani da shi yau, ana ƙona kashi ɗaya cikin uku na iskar a tanderu mai zafin sama da digiri 1,000 ta zama salfa dayoksaid, sannan a haɗa ta da sauran kashi biyun a kan katalis na alumina. Iskokin biyu masu guba suna cinye juna, abin da ke fitowa shi ne ruwa da narkakkiyar farar wuta. Wannan sashe yana kama kashi 95 zuwa 97 cikin 100, idan kuma aka ƙara masa na'urar tsabtace ragowar hayaƙi, yakan haura kashi 99.

A tashoshin lantarki masu ƙona kwal kuwa, ana fesa wa hayaƙin ruwan niƙaƙƙen dutsen siminti, ya kama salfa dayoksaid ya zama jifsam, wanda masana'antun siminti ke buƙata. Wannan batu ya shafi yankin Arewa maso Gabas, inda kamfanin siminti na Ashaka ke ƙona kwal ɗin da ake haƙowa a Maiganga ta Jihar Gombe.

Akwai kuma dabara ta talaka. Masu haɗa gas ɗin girki daga kashin shanu sukan bi da gas ɗin ta cikin gwangwani cike da ɓarɓashin ƙarfe mai tsatsa. Tsatsar tana kama haidirojin salfaid ta yi baƙi, injin janareta ya tsira daga ci.

Inda gizo ke saƙa

Duk waɗannan hanyoyi suna kwashe mafi yawan gubar, amma ɗan abin da ya rage shi ne mai wuyar kamawa, kuma shi ne ke kashe katalis. Don haka a ƙofar sashen nikel na masana'antar taki ake girka wata tukunyar ƙarfe cike da ƙananan dunƙule na sinadarin zink oksaid, a matsayin mai gadi na ƙarshe. Idan iskar ta taɓa shi, sai ya zama zink salfaid, ruwa ya fita.

A lissafi, giram 100 na zink oksaid yana iya kama kusan giram 39 na farar wuta. A aikace ba a cika kaiwa nan ba, kuma dalilin yana cikin siffar ƙwayar. Iskar tana fara cin bayan ƙwaya ne, kuma zink salfaid ɗin da ke samuwa ya fi zink oksaid ɗin da ya maye gurbinsa cin wuri da fiye da rabi. Saboda haka bayan ƙwayar yana kumbura, ƙofofin da iska ke bi su toshe, ɓawo mai tauri ya rufe cikin. Duk wadda ta taɓa jefa ƙosai mai kauri a mai mai zafi ta san wannan: baya ya soyu har ya yi duhu, ciki kuwa ɗanye. Haka ake sauke tukunya a zubar da sinadari, alhali tsakiyar kowace ƙwaya ba ta yi aikin komai ba, an kuwa biya kuɗinta da kuɗin waje.

Masu bincike sun ga cewa maganin wannan yana wuri biyu: a ƙanƙanta ƙwayar, sannan a cire mata tsakiyar da ba ta aiki.

Ƙanƙanta da faɗin fuska

Nanomita ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Kaurin silin gashin kai yana tsakanin nanomita 50,000 da 100,000. Ƙwayar nano ita ce wadda girmanta bai wuce nanomita 100 ba, don haka ko madubin likita na asibiti ba ya nuna ta, sai na'ura mai amfani da ilaktiron.

Amfanin wannan ƙanƙanta lissafi ne mai sauƙi. Ɗan dunƙule mai kusurwa huɗu, santimita ɗaya ta kowane ɓangare, faɗin fuskokinsa shida santimita murabba'i 6 ne. Idan aka yayyanka shi zuwa gutsattsari masu nanomita 10, nauyinsa bai canja ba, amma jimillar faɗin fuskokin ta zama mita murabba'i 600, wato ta fi fuloti mai ƙafa 50 da ƙafa 100. Da yake a fuska ake kama iska, kowane ƙarin fuska ƙarin wurin aiki ne.

Ƙwaya mai kogo ta ƙara wani mataki a kan wannan. Siffarta kamar ta duma ce da aka ƙwaƙule cikinta: ɓawo siriri mai ƙananan ƙofofi, ciki kuma fanko. Iska tana taɓa ta ta waje, ta shige ta ƙofofin ta taɓa ta ta ciki.

Yadda ake ƙwaƙule abin da ido ba ya gani

Babu wuƙar da za ta fafe ƙwaryar da ba a iya gani, don haka masana sun nemo dabarun da ke sa kogon ya samar da kansa.

Dabara ta farko ta yi kama da ta maginan tukwane, waɗanda ke kife tsohuwar tukunya su lulluɓe ta da yumɓu, idan ya sha iska su zare ta. A ɗakin gwaji, ana fara yin ƙananan ƙwallaye na roba ko na silika, a lulluɓe su da sinadarin da ake so, sannan a ƙone robar ko a narkar da silikar, ɓawon ya tsaya shi kaɗai. A shekarar 1998, Frank Caruso da Rachel Caruso da Helmuth Möhwald, a wata cibiyar Max Planck ta Jamus, sun wallafa yadda suka yi hakan ta hanyar jera rufi a kan rufi. Fa'idar wannan hanya ita ce mai ƙira ne ke zaɓar girman kogo da kaurin ɓawo, domin girman ƙwallon shi ne girman kogon, yawan rufin kuma shi ne kaurin.

Dabara ta biyu ta samo asali ne daga wani gwaji da Ernest Kirkendall ya wallafa a Amurka a 1947, inda ya nuna cewa idan ƙarafa biyu suka haɗu cikin zafi, ƙwayoyin zarrar ɗayan sun fi na ɗayan saurin ƙaura. Masu ƙira sun daɗe suna kallon hakan a matsayin aibi, domin yana barin ramuka a wurin walda. A 2004, Yadong Yin da Paul Alivisatos da abokan aikinsu a Berkeley ta jihar Kalifoniya suka mayar da aibin dabara. Sun haɗa ƙwayoyin kobalt da farar wuta, sai kobalt ya riƙa fita waje da saurin da ya fi na shigar farar wutar, kamar ƙauye a lokacin rani inda masu tafiya ci-rani suka fi baƙin da ke shigowa yawa. A ƙarshe tsakiyar ta zama fanko, aka samu ƙwallon kobalt salfaid mai kogo. Abin lura shi ne farar wutar da ake yaƙi da ita ce ta fara nuna wannan hanya.

Dabara ta uku ita ce musayar ƙarfe. A 2002, Yugang Sun da Younan Xia sun zuba ƙwayoyin azurfa masu kusurwa huɗu cikin ruwan gishirin zinariya. Azurfar ta riƙa narkewa, zinariya tana zama a bayanta, har aka samu akwatunan zinariya da babu komai a cikinsu.

Ta huɗu kuwa tana dogara ne da wata ɗabi'a da aka laƙaba wa sunan masanin Jamus Wilhelm Ostwald: idan ƙanana da manyan lu'ulu'u suna cikin ruwa ɗaya, ƙananan sukan narke su ƙara wa manyan girma. Idan ƙananan suna tsakiyar ƙwallo, manyan suna baya, sai cikin ya zube a hankali, kamar azarar da gara ta cinye ta bar bayanta.

Akwai kuma samfurin da ake kira mai gwaiduwa, inda ake barin ƙwaya ɗaya tana yawo a cikin kogon kamar gwaiduwa a cikin ƙwai. Ɓawon yana kare ta daga mannewa da 'yan uwanta, ƙofofinsa kuma suna tace abin da zai shiga wurinta.

Abin da kogon ke ƙarawa

Idan aka koma ga tukunyar zink oksaid, amfanin wannan ƙira a fili yake. Na farko, ɓawon siriri ne, don haka iska ba ta da doguwar tafiya kafin ta ratsa shi. Kusan duk sinadarin yana shiga aiki. Na biyu, kumburin da ke toshe ƙwaya cikakkiya yana samun wurin faɗaɗa zuwa cikin kogon. Na uku, a wasu tsare-tsare akan so a farfaɗo da sinadarin ta hanyar hura masa iska mai zafi, ya saki farar wutar ya koma yadda yake. Wannan kumburi da motsewa a kai a kai yana farfasa ƙwaya cikakkiya, mai kogo kuwa tana da sararin jurewa. Na huɗu, idan ƙarfen mai tsada ne, cire tsakiyar yana rage yawan da za a saya.

Wannan ne ya sa ɗakunan bincike a ƙasashe da dama suke gwada ƙwayoyi masu kogo na zink oksaid, da na tsatsar ƙarfe, da na jan ƙarfe, da na gawayi, wajen kama iskokin farar wuta, da kuma na molibdinam salfaid wajen tsabtace dizal. Ana kuma amfani da su wajen ƙera na'urorin gano yoyon iska, domin faɗin fuskarsu yana sa su ji ɗan ƙanƙanin haidirojin salfaid da sauri. Ga ma'aikacin rijiyar gas, irin wannan na'ura da ke maƙale a ƙirjinsa ita ce ke maye gurbin hancin da iskar ke yaudara.

Tsakanin ɗakin gwaji da masana'anta

Duk da haka, manyan matatun duniya har yanzu da amin da tsarin Claus da dunƙulen zink oksaid na gargajiya suke aiki, kuma akwai dalilai. Ɗakin gwaji yana yin giram kaɗan, masana'anta kuwa tan-tan take buƙata. Ɓawo siriri yana iya murƙushewa a ƙarƙashin nauyin abin da aka tula a kansa. Zafi mai yawa yana sa ƙwayoyin nano su manne da juna su dunƙule, faɗin fuskar da aka sha wahalar samu ya tafi. Gari mai laushi ba ya zama a tukunyar da gas ke bi da ƙarfi, sai an murza shi an yi dunƙule, murzawar kuma tana iya rushe kogon. Narkar da silika yakan buƙaci asid mai haɗari ko sinadari mai kaifi, wanda shi ma zubar da shi wani aiki ne. Ƙurar ƙwayoyin nano kuma tana iya shiga can cikin huhu, don haka masu sarrafa ta suna buƙatar kariya ta musamman.

Saboda haka ma'aunin da masana'anta ke dubawa shi ne nawa za a kashe wajen cire kilo ɗaya na farar wuta, kuma sau nawa sinadarin zai yi aiki kafin ya mutu. Sabuwar ƙira ba ta karɓuwa sai ta yi nasara a wannan lissafi.

Rabon Bauchi a wannan fage

Kayan da ake gina yawancin waɗannan sinadarai a kansu su ne alumina da silika, kuma Jihar Bauchi tana da tushen duka biyun. Ƙaramar Hukumar Alkaleri, wadda rijiyoyin Kolmani ke cikinta, ta yi suna wajen farar ƙasa samfurin kawolin, wadda asalinta haɗin alumina da silika ne. Masu bincike a jami'o'in Nijeriya sun yi rubuce-rubuce a kan yadda za a fitar da alumina da ziyolait daga farar ƙasar Alkaleri da ta Ƙanƙara a Jihar Katsina. Ziyolait wani sinadari ne mai ƙofofi ƙanana ƙwarai, wanda matatu ke amfani da shi wajen fasa mai mai nauyi da busar da gas. Buntun shinkafa da ake tarawa a bayan injinan casa, idan aka ƙona shi yadda ya kamata, mafi yawan tokarsa silika ce, irin wadda ake iya yin ƙwallayen ƙira da ita.

Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi, wadda aka kafa a 1980 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, tana koyar da injiniyancin sinadarai da na man fetur. Irin wannan bincike yana buƙatar na'urorin ilaktiron na ganin ƙwayoyin, da na auna faɗin fuska, da wutar lantarki marar yankewa, da ɗakin da aka tanada don sarrafa iska mai guba ba tare da ta kashe ɗalibi ba. Asusun bunƙasa fasahar man fetur, PTDF, da asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, suna cikin hukumomin da dokokinsu suka ɗora wa alhakin tallafa wa ilimi da bincike irin wannan.

Doka da man da ke cikin tanki

Ga talaka, wannan batu yana zuwa ne ta bakin salansa. A watan Satumbar 2016, ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar da rahoton da ya nuna yadda 'yan kasuwar Turai ke haɗa mai mai yawan farar wuta suna sayarwa a Afirka ta Yamma. A lokacin, ƙa'idar Nijeriya ta yarda da kashi 3,000 cikin miliyan a dizal, alhali Tarayyar Turai ta tsayar da nata a kashi 10 tun 2009. A watan Disambar 2016, a Abuja, Nijeriya da Benin da Togo da Ghana da Kwaddibuwa suka amince su sauko zuwa kashi 50. Ƙungiyar ECOWAS ta amince da wannan ma'auni ga ƙasashenta a 2020, Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ita ma ta ɗauke shi, kuma hukumar NMDPRA ce ke da alhakin tabbatar da shi. A teku ma, daga ranar 1 ga Janairu, 2020, an rage abin da aka yarda a man jiragen ruwa daga kashi 3.5 zuwa kashi 0.5 cikin 100.

Duk lokacin da aka tsaurara irin wannan doka, ana tilasta wa matatu su kamo ragowar da ta fi wuyar kamawa, kuma a nan ne sababbin ƙirare-ƙirare ke samun kasuwa.

Farar wutar da aka kama ba asara ba ce. Mafi yawan wadda ake sayarwa a duniya yau daga matatun mai da masana'antun gas take fitowa, kuma akasarinta ana mayar da ita asid ɗin salfurik, wanda direbobi suka sani a sirke a matsayin ruwan batir. Babban aikin wannan asid shi ne narkar da dutsen fosfet domin yin takin zamani irin su sufa. Binciken ƙasar noma ya daɗe da nuna cewa gonaki da yawa a yankin sabana na Arewacin Nijeriya suna da ƙarancin farar wuta, wadda gyaɗa da waken suya da albasa da masara ke buƙata. Sinadarin da zai zama guba idan ya bi iska ya shiga Barambu ko Alkaleri, shi ne kuma zai ƙara wa manomin gyaɗa na yankin yabanya idan aka kama shi a cikin masana'anta aka mayar da shi buhun taki.